Baƙo da harshen masu gari: yadda mutanen Ingila ke koyon Galanci a ƙauyukan ƙasar Gal

A yammacin tsibirin Birtaniya akwai wata ƙasa ta duwatsu da yawan ruwan sama, wadda Faransawa ke kira Pays de Galles, wato ƙasar Gal, mutanen Ingila kuma suna ce mata Wels. Faɗinta kamar rabin jahar Maraɗi ne, mutanenta miliyan 3 da ƴan kai, tumakinta kuwa sun ninka mutanen wajen sau uku. Tana ƙarƙashin sarautar Birtaniya, amma tana da majalisarta a birnin Kadif tun shekarar 1999, tana kuma da harshenta na gado, Galanci, wanda asalinsa ya riga Ingilishi zama a tsibirin.

Sunayen nan biyu, Gal da Wels, tushensu ɗaya ne, wata tsohuwar kalma mai nufin bare. Kakannin mutanen Ingila da suka ƙetaro teku su ne suka laƙaba ta ga waɗanda suka tarar, ashe mai gida ne aka kira baƙo a tsakar gidansa. Su kuwa masu ƙasar, sunan da suke kiran kansu da shi, Cymry, ma'anarsa ƴan ƙasa ɗaya. Yau ga shi zamani ya juya: mutumin Ingila ne ke ɗaure kayansa ya zo ƙauyen Gal ya zauna, shi ne baƙo, kuma abin da ya yi da harshen masu gari yana cikin abubuwan da za su nuna ko harshen zai rayu.

Abin da baƙo ke tararwa

A jahar Gwynedd, arewa maso yammacin ƙasar, ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna kashi 64 cikin 100 na mutane suna jin Galanci. A ƙauyukan Llŷn, wani tsinin ƙasa na wannan jaha da ya kutsa cikin teku, da Galanci ake ciniki, da shi ake wa'azi a majami'a, da shi majalisar ƙauye ke zama, da shi manomi ke kiran karensa. To, mutumin da ya baro Mancesta ko Landan ya sayi gida a nan, ran da ya fara shiga kanti zai iske ana hira da harshen da bai taɓa ji ba. Da ya buɗe baki da Ingilishi, sai mai kanti ya amsa masa da Ingilishi tsantsa, domin babu baligi a ƙasar Gal da ba ya jin harshen Ingila. Haka likita zai yi masa, haka ma'aikacin gidan waya, haka maƙwabci. Baƙo yana iya shekara talatin a ƙauyen bai buƙaci kalma goma ta Galanci ba.

Wanda ya yi ƙaura zuwa inda ba a jin harshensa, yunwa da ciniki su ne malamansa, ko yana so ko ba ya so sai ya koya. Baƙon ƙasar Gal ba shi da waɗannan malamai. Ba abin da ke tilasta masa, sai niyyarsa kaɗai.

Sai dai sauƙin da baƙo ya samu, gari ne ke biyan kuɗinsa. In mutum goma suka taru, tara suna jin Galanci, ɗaya ba ya ji, ladabi kan sa a juya zancen duka zuwa Ingilishi saboda mutum ɗayan nan. Haka take faruwa a kwamitin iyayen yara, da ƙungiyar mawaƙa, da filin ƙwallo. In baƙi biyu suka zama ashirin, sai a wayi gari taron da kaka da kakanni suka yi da Galanci ya koma na Ingilishi, ba tare da kowa ya yi nufin haka ba. Lamarin kuwa ba ƙarami ba ne, domin ƙidayar 2021 ta nuna mutum ɗaya cikin biyar na mazauna ƙasar Gal a Ingila aka haife shi.

Akwai wani ƙorafi da aka daɗe ana ji daga bakin wasu baƙi, wai da zarar sun shiga wuri sai mutane su juya zuwa Galanci don a yi da su. Amsar masu gari ita ce, da ma da Galanci ake hirar tun kafin a turo ƙofa.

Yadda harshen ya ja da baya

Duk wanda zai zauna cikin Galawa ya kamata ya san abin da ya sa suke kishin harshensu haka. A shekarar 1536 dokar Sarki Henri na Takwas ta haɗe ƙasar Gal da Ingila, ta mai da Ingilishi harshen shari'a, ta kuma hana muƙami ga duk wanda ba ya aiki da shi. Abin da ya riƙe Galanci a wancan zamani shi ne addini da karatu. A 1588 William Morgan ya fitar da fassarar Baibul cikakkiya cikin Galanci. Daga shekarun 1730 kuma wani limamin Kirista, Griffith Jones, ya kafa makarantu masu yawo: malami ya sauka a ƙauye wajen wata uku, galibi lokacin sanyi sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi, ya koya ma yara karatu da rana, manya kuma da dare, sa'an nan ya wuce ƙauye na gaba. Kafin rasuwarsa a 1761 mutum fiye da dubu 150 sun koyi karanta harshensu ta wannan hanya. Yaƙi da jahilci ke nan tun ba a raɗa masa suna ba.

Ƙarni na 19 ya zo da wata iska dabam. A 1847 wani rahoton gwamnati kan ilimi ya ɗora laifin ci bayan Galawa a kan harshensu. A wasu makarantu akan rataya ma yaron da aka ji yana Galanci wani guntun katako a wuya, shi kuma ya miƙa shi ga na gaba da ya kama, wanda aka tashi makaranta katakon yana wuyansa shi ke shan bulala. Tsofaffin ƴan makarantar zamanin mulkin mallaka sun san irin wannan abu da sunan sambol. Iyaye da yawa suka ɗauka Ingilishi ne kaɗai hanyar samun abinci, suka daina ba ƴaƴansu harshen gida. A 1901 rabin mutanen ƙasar suna jin Galanci. A 1981 ba su kai ɗaya cikin biyar ba.

Farkawa ta zo a shekarun 1960. A 1962 marubuci Saunders Lewis ya yi wata lacca a rediyo yana gargaɗin cewa harshen na gab da mutuwa, a shekarar kuma matasa suka kafa ƙungiyar kare Galanci. A 1965 aka nutsar da ƙauyen Capel Celyn, inda Galanci ne harshen kowa, don gina madatsar ruwan sha na birnin Libaful na Ingila, alhali ba dipite ko ɗaya na ƙasar Gal da ya jefa ƙuri'ar amincewa. Ɓacin ran wannan rana bai gushe ba har yau. Sannu a hankali dokoki suka biyo: ta 1967 ta buɗe ma Galanci ƙofar kotu, ta 1993 ta wajabta ma ma'aikatun gwamnati aiki da harsunan biyu, ta 2011 ta mai da shi harshen hukuma. Tashar talabijin ta Galanci, S4C, ta fara aiki a 1982.

Likitan da ya zo daga Mancesta

Cikin baƙin da suka bar suna akwai likita Carl Clowes. A Mancesta aka haife shi, can ya tashi da Ingilishi a bakinsa, can ya yi karatun likita. Ko da yake mahaifiyarsa mutuniyar Gal ce, da girmansa ya koyi Galanci. A 1970 ya zo ƙauyen Llanaelhaearn na yankin Llŷn a matsayin likitan karkara. Ya iske ƙauye yana zubewa: aikin fasa dutse ya ja baya, samari suna tafiya birane, hukuma kuma tana shirin rufe makarantar ƙauyen. Ya shiga sahun masu gari aka yi ta fafutuka har aka bar makarantar a buɗe. A 1974 suka kafa wata ƙungiyar haɗin gwiwa mai suna Antur Aelhaearn, kowane mazauni yana sayen hannun jari da fam ɗaya, suka buɗe wurin saƙa da ginin tukwane don mutane su sami abin yi a gida.

Ba nisa da nan akwai wani kwari mai zurfi a bakin teku, Nant Gwrtheyrn, inda aka gina ƙauyen masu fasa dutse a ƙarni na 19. Duwatsun da aka sassaƙa a wurin jiragen ruwa ke kwasa, da su aka shimfiɗe titunan Libaful da Mancesta. Da aikin ya mutu mutane suka watse, na ƙarshensu suka tashi a 1959, gidaje suka zama kufai. Likitan ya duba ya ga abu biyu: ga yanki mai neman aikin yi, ga kuma ma'aikatu da suka fara neman masu jin Galanci bayan dokar 1967, alhali babu wurin da babba zai je ya zauna ya koya. Ya tara abokai suka kafa ƙungiya, suka bi jama'a neman taimako, a 1978 suka sayi kufan a kan fam dubu 25. A 1982 aka fara darasi, gyare-gyare kuma suka ci gaba shekara da shekaru.

Yau Nant Gwrtheyrn cibiya ce ta koyon Galanci. Ɗalibai manya kan kwana a gidajen masu fasa dutse na da, su yi kwanaki ba abin da ke shiga kunnensu sai Galanci, daga karin kumallo har kwanciya. Carl Clowes ya rasu a ƙarshen 2021. Ƙauyen da duwatsunsa suka tafi Mancesta, mutumin Mancesta ne ya tashe shi.

Inda wuyar harshen take

Rubutun Galanci ba shi da wahala, domin kusan yadda aka rubuta haka ake faɗi, ya fi Ingilishi da Faransanci gaskiya ta wannan fuska. Abin da ke firgita baƙo a allunan hanya, sunaye masu kama da ba su da wasali, ruɗin ido ne kawai: a Galanci w da y wasula ne. Akwai dai sautukan da sai an yi ta maimaitawa, kamar ll, wanda ake ɗora harshe inda ake faɗin l, sa'an nan a huro iska ta gefensa ba tare da murya ba.

Babban tsauni shi ne sauyawar farkon kalma. Kyanwa sunanta cath. Amma kyanwarsa ei gath ce, kyanwarta ei chath, kyanwata kuma fy nghath. Sunan ƙasar kansa, Cymru, yakan koma Gymru in za a je can, ya koma Nghymru in ana ciki. Sabon ɗalibi yakan buɗe ƙamus yana neman gath har ya gaji, bai san a ƙarƙashin c take ba. Mai jin Fulatanci ba zai yi mamaki ba, shi da ya san Pullo ɗaya ne, Fulɓe jam'i, debbo mace, rewɓe mata. Ga mai Ingilishi kuwa, wanda farkon kalmominsa ba ya motsi, abin kamar ƙasa ce ke gocewa a ƙarƙashin ƙafa.

Bayan wannan, aikatau ne ke fara jimla kamar yadda yake a Larabci. Kowane suna namiji ne ko mace, kamar a Hausa, abin da Ingilishi ba shi da shi. Akwai ti na tsara da yaro, da chi na girmamawa, kamar tu da vous na Faransanci. Kalmar i ma ba guda ɗaya ba ce, tana bin tambayar da aka yi: wani wuri ydw, wani wuri oes, wani do, wani ie. Ga kuma bambancin arewa da kudu. Madara a arewa llefrith ce, a kudu llaeth. Yanzu a arewa rŵan, a kudu nawr. Saboda haka ne ake raba littattafan koyo gida biyu, kowa ya koyi bakin yankin da ya sauka.

Gemu ba ya hana ilimi

Hanyoyin koyo sun yawaita. Tun 1973 aka fara darussa masu zafi da ake kira Wlpan, inda ɗalibi ke zuwa aji sau da yawa a sati, ana fifita magana a kan nahawu. A 2016 aka ɗora aikin koyar da manya duka a hannun cibiya guda ta ƙasa, mai matakai biyar daga mafari har zuwa gogewa, wadda ke karɓar ɗalibai fiye da dubu 16 a shekara, wasu a aji, wasu ta intanet. Daga 2022 matasa ƴan ƙasa da shekara 26 kyauta suke koyo. A babban bikin waƙa da adabi na ƙasa, Eisteddfod, wanda ake yi kowane watan Agusta, akwai kyautar gwarzon ɗalibi na shekara tun 1983, ana kuma girmama wanda ya ci ta a gaban dubban jama'a.

Yara su ne suka fi samun sauƙi. A Gwynedd da Galanci ake karatu a makarantun firamare, saboda haka tun shekarun 1980 hukumar jahar ta buɗe cibiyoyi na musamman don ƴaƴan baƙi. Yaro yakan yi sati goma zuwa goma sha biyu a can, ana wasa da waƙa da lissafi da Galanci zalla, sa'an nan ya koma makarantar ƙauyensu ya zauna cikin tsararsa. Sau da yawa ta nan harshen ke shiga gida. Uwa ta ga ɗanta ya dawo da aikin makaranta da ba ta iya dubawa, ko uba ya zauna a bikin makaranta ƴarsa tana waƙa bai san abin da take faɗi ba. Kunyar wannan ta kai iyaye da yawa aji fiye da kowace doka.

Daga aji zuwa bakin kanti

Malaman manya sun san cewa ba a aji ake faɗuwa ba, a bakin kanti ne. Ɗalibi ya kwana yana haddar jimlarsa, ya zo ya faɗe ta da rawar murya, mai kanti ya ji karin harshen Ingila, sai tausayi ya sa ya amsa da Ingilishi don ya rage masa wahala. Ɗalibi ya koma gida gwiwa a sanyaye, yana ganin an raina ƙoƙarinsa. Shi kuwa mai kanti alheri ya yi nufi. Wani lokaci kuma shi ma kunya yake ji, yana ganin Galancinsa na kasuwa, mai gauraye da kalmomin Ingilishi, bai kai na littafi da ɗalibin ya koyo ba.

Akwai wata wahala kuma: harshen da mutum biyu suka fara sabawa da shi, da wuya su sauya shi. Maƙwabcin da aka yi shekara biyar ana gaisawa da shi da Ingilishi, ko baƙo ya iya Galanci, bakinsu kan koma inda ya saba. Don haka masu koyarwa ke ba da shawara a fara tun ranar sauka, ko da gaisuwa ce kaɗai: bore da da safe, diolch wurin godiya. Jimlar da ta fi kowace amfani ga sabon zuwa ita ce dw i'n dysgu Cymraeg, wato ina koyon Galanci, domin roƙo ce ga mai gari ya yi haƙuri kada ya juya. An kuma fito da wata ƴar alama mai launin ruwan lemo da ma'aikata ke maƙalawa a riga, a kanti da asibiti da banki, mai shaida cewa ana iya yi musu Galanci.

Sauran aikin na shiga jama'a ne. Wanda ya shiga ƙungiyar mawaƙan ƙauye, ko ya riƙa sayen ƴar jaridar yanki irin Llanw Llŷn, wadda masu sa kai ke rubutawa da labarin haihuwa da rasuwa da kasuwar dabbobi, shi ne harshensa ke sakuwa. Dole ya jure zama cikin taro yana kama rabin zance, ya yi kuskure a yi dariya, shi da yake babban mutum a wurin aikinsa ya koma yana magana kamar yaro ɗan shekara huɗu. Ba kowa ke iya haɗiye wannan ba.

Zancen gidaje

Ba a raba zancen harshe da zancen gida. Ƙauyukan bakin teku suna da kyau, saboda haka masu kuɗi daga biranen Ingila ke sayen gidaje don hutu, wasu kuma tsofaffin ma'aikata ne da suka ajiye aiki suka zo hutawa. Farashi ya hau har ɗan gari mai ƙaramin albashi ba ya iya sayen gida a inda aka haife shi, sai ya tashi, ya tafi da harshensa da ƴaƴansa. Daga 1979 zuwa farkon shekarun 1990 wata ƙungiyar ɓoye ta cinna wuta ga gidajen hutu fiye da 200. Wannan zamani ya wuce, yanzu da doka ake yaƙin: daga 2023 an faɗaɗa ikon hukumomin jahohi na ƙara haraji mai nauyi a kan gidan da ba a zaune cikinsa kullum, Gwynedd kuma ta yi ƙarin kashi 150 cikin 100 a shekarar.

Baƙon da ya zo zama na dindindin yana shigowa cikin wannan tsohon ciwo, ko ya sani ko bai sani ba. Koyon harshe ba ya rage kuɗin gida, amma yana shaida ma masu gari cewa mutumin nan zama ya zo yi da su.

Baƙin da suka zama ƴan gari

Tarihi ya nuna har inda baƙo ke iya kaiwa. Zonia Bowen a Ingila aka haife ta, ta zo jami'ar Bangor karatun Faransanci, a can ta koyi Galanci. A 1967, sa'ad da shugabannin wata ƙungiyar mata ta Birtaniya suka dage sai da Ingilishi reshen ƙauyen Parc zai riƙa aikinsa, ita ce ta ja gaba matan ƙauyen suka fice, suka kafa tasu, Merched y Wawr, wadda yau take da rassa ko'ina cikin ƙasar. Liz Saville Roberts kuma ƴar Landan ce, ta zo karatu Aberystwyth tana ƴar shekara 18, ta koyi harshen, ta zauna a Llŷn. A 2015 mutanen yankin, inda Galanci ke da ƙarfi sosai, suka zaɓe ta dipite a majalisar Landan, suka kuma sake zaɓenta har a 2024.

Duk da haka hanya da sauran nisa. Gwamnatin Gal ta ɗauki alkawari a 2017 cewa masu jin Galanci za su kai miliyan ɗaya kafin 2050, amma ƙidayar 2021 ta sami dubu 538, ƙasa da dubu 562 na 2011. Makarantar Llanaelhaearn ma, wadda likita da masu gari suka ceta a farkon shekarun 1970, an rufe ta a 2020 saboda ƙarancin yara. Azuzuwan manya suna cika, ƙauyuka kuwa suna ragewa.

Doka ta yi nata, makaranta ta yi nata. Abin da ya rage yana hannun mutum biyu da ke tsaye a kanti, kowa da nasa nauyi: baƙo ya daure ya faɗi jimlarsa ko da a karkace, mai gari kuma ya daure ya jira shi ya ƙarasa, ya amsa masa da harshen da ya tambaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.